Yadda Ake Rage Haɗarin Aikin Gini Tun Daga Teburin Zane

Idan ma'aikaci ya faɗo daga saman bene, tambayoyin da ake fara yi sanannu ne: ya ɗaura igiyar kariya? Yana sanye da hular kwano? Ina mai kula da aiki yake? Ba kasafai ake tambayar abin da ya kai shi bakin rufin ba tun farko. Sau da yawa amsar tana cikin takardar zane. Wani ne, watanni kafin a haƙa harsashi, ya ajiye tankin ruwa taku biyu daga gefen rufin da ba shi da katanga, ya sa hannu, ya wuce aiki na gaba.

A 2005 wani mai bincike a Amurka, Michael Behm, ya bi rahotannin mutuwar ma'aikatan gini 224, ya gano cewa kashi 42 cikin 100 nasu suna da alaƙa da yadda aka zana aikin. Hukumomi sun daɗe da fahimtar haka. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 167 ta 1988 ta ɗora wa masu zane da masu tsara aiki nauyin la'akari da lafiyar magina. Tarayyar Turai ta fitar da nata umarnin a 1992, Birtaniya ta kafa dokokinta na zane da tafiyar da aikin gini, wato CDM, a 1994 ta sake su a 2007 da 2015, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ƙaddamar da shirin rigakafi ta hanyar zane a 2007, Singafo kuma ta yi tata dokar a 2015. Dokokin sun bambanta, saboda haka kowa ya duba ta ƙasarsa. Hanyar aikin kuwa kusan ɗaya ce a ko'ina, kuma ita ce za mu bi a nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: matsar da ginshiƙi a kwamfuta aikin minti goma ne, matsar da shi bayan an zuba kankare kuwa sai da injin fasa dutse, da ƙura, da mutum a kan tsani.

Mataki na 1: Ka san filin kafin ka ja layi ko ɗaya

Ka nemi mai ginin ya ba ka duk abin da ya sani, abin da bai sani ba kuma a biya a bincika. Kana bukatar gwajin ƙasa da zai nuna irinta da zurfin ruwan da ke ƙarƙashinta, da taswirar wayoyin lantarki da bututun gas da na ruwa da aka binne, da wurin da manyan wayoyi suka ratsa ta sama, da tarihin filin: an taɓa yin masana'anta a wurin, ko gidan mai, ko juji? Ka duba gine-ginen maƙwabta da zurfin harsashinsu. Ka tsaya a bakin titi ka ga su wa ke wucewa, kuma da wane lokaci.

Taswirar kamfanin wuta ko na ruwa ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Waya kan kauce daga inda aka zana ta, wata ma ba a taɓa zana ta ba. A bi filin da na'urar gano wayoyi, a haƙa ƙananan ramukan gwaji da hannu a inda ake shakka.

Idan gyaran tsohon gini ne, binciken asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da aka riƙa sawa a kayan gini, yana gaban komai. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, amma har yau cututtukan da yake jawowa suna kashe kimanin mutum 5,000 a shekara a can, domin cutar takan ɗauki shekaru da dama kafin ta bayyana. Yana ɓoye a silin, da rufi, da abin da aka naɗe bututu da shi, da tayil ɗin ƙasa. Mai zanen da ya san inda yake zai iya bi da sabon bututu ta wata hanya, ba sai an huda shi ba.

Mataki na 2: Ka daidaita da mai ginin a kan lokaci da mutane

Gajeren wa'adi shi kansa haɗari ne. Shi ke sa a cire katakon dakin, wato benen kankare, kafin kankare ya yi ƙarfi, shi ke sa a tara birkila da mai walda da mai fenti a wuri ɗaya, wani a saman wani. Ka faɗa wa mai ginin gaskiyar lokacin da aikin ke bukata tun yanzu, a rubuce.

Sannan a naɗa mutum ɗaya da zai riƙe maganar lafiyar ma'aikata a ɓangaren zane. Dokar Birtaniya ta 2015 ta wajabta haka a duk aikin da ke da ɗan kwangila fiye da ɗaya. Ko doka ba ta tilasta maka ba, ka yi, domin idan mai zanen gini da injiniyan ƙarfe da na lantarki kowa ya ɗauka ɗayan ne ke dubawa, to babu mai dubawa. In da hali, ka jawo gogaggen ɗan kwangila, da wanda zai kula da ginin bayan an gama, su zauna a taron zane na farko. Mutumin da ya shekara yana ɗaura ƙarafa a sama yana ganin abin da mai zama a ofis ba ya gani.

Mataki na 3: Inda za a ajiye ginin a cikin filin

Wannan shawara ce da ake yankewa a makon farko, ba a kuma komawa kanta, don haka a yi ta da hankali. Ka nesanta ginin daga manyan wayoyin sama. Ƙa'idar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ba ta yarda a kusanci wayar da ke ɗauke da har kilobolt 50 da ƙasa da ƙafa 10 ba, wato kimanin mita 3, kuma tazarar tana ƙaruwa da ƙarfin wutar. Ka tuna ba ginin kaɗai ake aunawa ba, har da hannun injin ɗaga kaya, da tifa idan ta ɗaga bayanta, da doguwar rodi a kafaɗar lebura. In ba za a iya nesanta ginin ba, a nemi kamfanin wuta ya karkatar da wayar ko ya binne ta, kuma a sa wannan cikin jadawalin aiki, domin yana cin lokaci.

Ka bar wurin da motar kaya za ta shiga ta ƙofa ɗaya ta fita ta wata, ba sai ta ja da baya ba. Ja da baya shi ne lokacin da direba ke take mutumin da bai gani ba. Ka raba hanyar masu ƙafa da ta injuna. Ka nuna inda injin ɗaga kaya zai tsaya, ka tabbata ƙasar wurin za ta ɗauke shi, kuma kayan da ya ɗaga ba za su bi ta kan titi ko gidan maƙwabci ba.

Mataki na 4: Ka gina shi a zuciyarka, sannan ka jera haɗurran

Ga tsakiyar aikin. Ka ɗauki zanen, ka bi shi kashi-kashi kamar kai ne za ka gina: share fili, haƙa, harsashi, ginshiƙai, bene, rufi, bango, gilashi, wayoyi da famfo, fenti. Ka ci gaba zuwa wanke tagogi, da canza fitila, da gyaran na'urori, har zuwa ranar da za a rushe shi. A kowane kashi ka yi tambayoyi huɗu: wa zai yi wannan aikin, a ina zai tsaya, me zai ɗauka, me zai shaƙa? Idan ka kasa amsa ta biyu, zanen bai kammala ba.

Duk haɗarin da ka gano, ka bi da shi ta wannan tsari, kuma kada ka tsallake zuwa na ƙasa sai na sama ya gagara. Na farko, a kawar da shi gaba ɗaya. In bai yiwu ba, a musanya da abin da bai kai shi illa ba. In bai yiwu ba, a sa kariyar da ke kare kowa ba tare da mutum ya yi komai ba, kamar katanga ko shinge. Bayan nan ne ake zuwa ga ƙa'idojin aiki da horo. Kayan kariya na jiki, su igiya da takunkumi da toshen kunne, su ne na ƙarshe, saboda suna aiki ne kawai idan mutum ya tuna ya sa, ya sa daidai, kuma bai cire ba don zafi ya dame shi.

Wata hanya mai sauƙi da ofisoshin zane a Birtaniya ke amfani da ita ita ce jeri mai launi uku. Ja na abubuwan da ba a sa su a zane sam, ruwan ɗorawa na waɗanda ake sa su sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kore na waɗanda ake son a riƙa zaɓa. Kowane ofis zai iya rubuta nasa a shafi ɗaya, ya riƙa ƙara masa abin da kowane aiki ya koya masa. A ganina wannan shafin ya fi amfani a kan doguwar takardar tantance haɗari mai lambobi, wadda ake cikawa a ajiye a fayil.

Mataki na 5: Aikin sama

Faɗowa daga sama ita ce ta fi kashe magina a Amurka da Birtaniya, kuma nan ne alƙalamin mai zane ya fi tasiri. Ka fara da rage dalilin hawa. Na'urorin sanyaya ɗaki, da janareta, da famfunan tura ruwa, duk abin da zai iya zama a ƙasa a bar shi a ƙasa. Abin da dole sai a kan rufi, a tura shi tsakiya, nesa da gefe. Mita 2 ita ce mafi ƙarancin tazarar da ake yawan ambata, kuma ninkinta ya fi.

Katangar gefen rufi ta kai tsayin da za ta tare mutum. Shingen kariya a ƙa'idar OSHA inci 42 ne, kimanin mita 1.07, saboda haka katanga mai mita 1.1 ta wadatar. Da yawa ana zana ta santimita 30 ko 45 don kyan gani, kuma wannan tsayin ya fi rashinta muni, domin daidai yake da abin da zai harɗe ƙafar mai ja da baya. Katanga mai cikakken tsayi tana kare mai shimfiɗa rufi a lokacin gini, tana kare mai gyara shekara talatin bayan haka, ba tare da an kafa komai ba.

Rufi mai rauni, musamman farantan roba masu shigar da haske da ake jerawa tsakanin kwano, tarko ne. Bayan shekaru rana ta cinye su, ƙura ta rufe su, sai su yi kama da kwanon da ke gefensu. Ka zaɓi irin da aka gwada cewa zai ɗauki nauyin mutum, ko ka sa ragar ƙarfe a ƙarƙashinsa, ko ka kawo hasken ta bango.

Ka zana matakalar dindindin ta yadda za a kafa ta tare da kowane bene yana tashi. Da zarar ta tsaya, tsani ya rage aiki. Matakalar da aka zuba a masana'anta ko ta ƙarfe tana sauƙaƙa wannan. Zuwa kan rufi ma a yi matakala da ƙofa, kada a bar mai gyara da tsanin bango alhali hannunsa ɗaya na riƙe da akwatin kayan aiki.

A ginin ƙarfe, ka sa a huda ginshiƙai tun a masana'anta, a tsayin santimita 53 da 107 daga kowane bene, don a zura wayar shinge da zarar an kafa su. Mahaɗan ƙarafa su zama na noti, waɗanda hannu zai kai gare su daga kan dandamalin hawa, a rage walda a sama. Duk abin da za a iya harhaɗawa a ƙasa a ɗaga shi ɗungurungum, kamar sassan rufi da bututun da aka jera a kan firam, a tsara shi haka, kuma a nuna nauyinsa da wuraren maƙala ƙugiya.

Ramukan da ake bari a bene don bututu da wayoyi su ma suna cin mutane. Ka tara su wuri ɗaya, ka rage girmansu, ka bar ragar rodi ta ratsa su har sai ranar da za a yi amfani da su. Tagogi kuwa, a zaɓi waɗanda ake sakawa daga ciki, ake kuma juyo su a wanke daga ciki.

Inda igiyar kariya ta zama dole, to mai zane ne zai samar da abin da za a ɗaura ta. OSHA na bukatar maɗaurin ya ɗauki fam 5,000 ga mutum ɗaya, wato sama da kilo 2,200, sai dai in ƙwararre ya tsara shi da lissafi na musamman. Bututun ruwa ba zai ɗauki wannan ba. Idan ba ka zana maɗauri ba, ma'aikaci zai ɗaura a duk abin da ya gani.

Mataki na 6: Aikin ƙasa da wuraren da iska ba ta shiga

Ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya tana iya wuce tan ɗaya da rabi. Idan gefen rami ya zabtare, wanda ke ciki ba ya samun lokacin gudu, kuma ko ƙirjinsa kaɗai ta danne ya isa. OSHA na wajabta tokare gefen rami ko kwantar da shi daga zurfin ƙafa 5, kimanin mita 1.5, amma ramin da bai kai haka ba ma yana kisa idan mutum yana durƙushe.

Aikinka shi ne rage zurfi da rage shigar mutum. Ka duba matakin magudanar ruwa: wani lokaci ɗaga ƙasan ginin kaɗan, ko sauya inda bututu ke fita, yana rage zurfin dukan layin. Ka nesanta ramuka daga harsashin maƙwabta. Ka zaɓi irin harsashin da ake zubawa daga sama ba sai an sauka ciki ba, a ɗaure kejin rodi a waje a saukar da shi da inji. Inda bututu zai ratsa ƙarƙashin titi, akwai hanyar huda ƙasa a tura shi ba tare da an buɗe rami ba. Idan ƙasar ginin za ta yi zurfi, ka bar filin da za a kwantar da gefen ramin, in kuwa babu fili, a tsara bangon tokare ƙasa a matsayin cikakken aikin injiniya. A Afrilun 2004 irin wannan bangon ya karye a wurin haƙar layin jirgin ƙasa kusa da babban titin Nicoll a Singafo, mutum huɗu suka mutu, kuma bincike ya gano kurakurai a lissafin tokaran.

Tankuna, da ramukan duba magudana, da rijiyoyin famfo, wurare ne da iska mai guba ke taruwa ko iskar numfashi ta ragu. Ka fito da bawul da mita da famfo waje, ko ka sa a iya jawo famfon sama da sarƙa. Ramin dubawa ya zama wanda ake wankewa daga sama. Inda shiga ta zama tilas, ƙofar ta yi faɗin da za a fito da mutumin da ya suma.

Mataki na 7: Ginin da bai kammala ba

Injiniya yakan lissafa ginin da aka gama, kowane sashe na riƙe da ɗan'uwansa. Magina kuwa suna aiki ne a cikin ginin da rabinsa babu. Doguwar katangar bulo da ba a ɗora mata bene ba iska na iya kayar da ita. Firam ɗin ƙarfe da ba a sa masa tokaran giciye ba yana iya kwantawa. Abin da ya sa ƙa'idar OSHA ta 2001 ta ce kowane ginshiƙin ƙarfe sai da aƙalla ƙusoshi huɗu a gindinsa ke nan, don ya iya tsayuwa shi kaɗai kafin a haɗa shi da sauran.

Ka rubuta a kan zanen tsarin kafawar da ka yi lissafi da shi: me ke fara tsayawa, me ba a cirewa sai an sa me. Ka faɗi ƙarfin da kankare zai kai kafin a cire katako ko a ɗora masa nauyi, da lamba, kuma a tabbatar da gwaji. A Afrilun 1978 a Willow Island da ke jihar West Virginia, dandamalin da ma'aikata ke kai a cikin hasumiyar tashar wuta yana maƙale ne a kankaren da aka zuba kwana ɗaya kafin nan. Kankaren bai yi ƙarfi ba, ya ɓalle, mutum 51 suka mutu. Ka kuma faɗi iyakar nauyin da bene zai ɗauka lokacin gini, domin za a tara masa bulo da siminti fiye da abin da zai ɗauka bayan an tare.

A gyaran tsohon gini, kada ka zana cire bango sai ka san abin da yake ɗauke da shi, ka kuma nuna yadda za a tokare kafin a taɓa.

Mataki na 8: Cutar da ba a gani ranar da aka kamu

Nan ne masu zane suka fi sakaci, saboda ba a ganin jini. Amma a Birtaniya, inda ake ƙididdigar abin da kyau, magina da ke mutuwa da cututtukan da aiki ya jawo sun ninka masu mutuwa a haɗari sau da yawa.

Ka fara da nauyi. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta daɗe tana gargaɗi a kan bulon da ya wuce kilo 20 idan mutum ɗaya zai yini yana ɗaga shi. In bango na bukatar kauri, a yi shi da bulo mai rami, ko layi biyu na sirara. Dogon lintal a raba shi ko a yi na ƙarfe mara nauyi. Allon silin da na bango mai faɗin santimita 90 ya fi mai 120 sauƙin ɗauka a matakala. Abin da ya wuce ƙarfin hannu, a bar hanyar da inji zai kai shi har inda za a kafa shi.

Sai ƙura. Yankan kankare da bulo da dutse da tayil yana tayar da ƙurar silika, wadda ke taruwa a huhu ta jawo silikosis, cutar da ba ta da magani, da kuma sankarar huhu. Iyakar da OSHA ta sa a 2016 ita ce maikirogiram 50 a kowace iska mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya a yinin aiki, abin da ido ba zai ma gani ba. Maganinta a zane shi ne a rage yanka. Ka daidaita tsawon bango da faɗin tagogi da girman bulo, ka daidaita daɓe da girman tayil. Ka haɗa injiniyan lantarki da na famfo da na ƙarfe su amince da hanyar kowane bututu kafin a zuba kankare, a bar ramukan tun a katako. Sassaƙa bango don binne waya aiki ne mai ƙura da ƙara da girgiza a lokaci guda, kuma ana kauce masa da barin sarari a bayan allon bango. Kayan da ka zaɓa ma magana ce: dutsen kanta na masana'anta, wanda silikarsa kan wuce kashi 90 cikin 100, ya lalata huhun matasan masu yanka shi har Ostareliya ta haramta shi daga 1 ga Yulin 2024.

Ƙara da girgiza tafiyarsu ɗaya. Daga desibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara a yini kunne na lalacewa, kuma ba ya dawowa. Injin fasa kankare da na huda suna kashe jijiyoyin yatsu. Maimakon a yini ana huda dakin daga ƙasa don rataye bututu, a binne layin ƙarfe na rataya tun lokacin zubi. Maimakon a farfasa fuskar kankare don sabon zubi ya kama, a shafa maganin da ke jinkirta bushewar fuskar a wanke da ruwa. Kawunan turakun harsashi ma akwai hanyar naɗe rodinsu tun farko ta yadda za a tsinke kan a ɗage shi da inji.

A fenti da gam da abin shafe daɓe, ka zaɓi na ruwa a kan mai sinadari mai tashi, musamman a ɗakin da ba taga. Fenti mai ɗauke da sinadarin aisosayanet yana jawo asma idan aka fesa shi. Ƙarafa a yi musu fenti a masana'anta, inda akwai injin zuƙe iska. Ɗanyen siminti kuma yana ƙona fata, don haka duk sashen da aka zubo daga masana'anta ya rage hannun da zai taɓa shi.

Mataki na 9: Ka rubuta abin da ya rage, a inda za a gani

Ba kowane haɗari ne zai kawu ba. Wanda ya rage, ka sanar da shi a kan zanen da ke hannun mai aikin, da alama mai jan ido da jimla ɗaya ko biyu. Ka rubuta abin da ƙwararren ɗan kwangila ba zai iya sani da kansa ba: wannan bim ɗin, wato dogon sashen da ke kwance a kan ginshiƙai, tan 3 ne kuma nauyinsa ya karkata gefe ɗaya, akwai wayar wuta mita ɗaya daga wannan kusurwa, kada a cire wannan tokari sai an zuba bene na biyu. Rubutu irin na "ɗan kwangila ya kula da lafiyar ma'aikata" ba ya kare kowa, kuma idan ya yi yawa yana binne gargaɗin da ke da amfani. Idan ofishinku na aiki da samfurin gini na kwamfuta, wato BIM, a maƙala gargaɗin a jikin sashen da ya shafa, a kuma yi amfani da samfurin a ga inda bututu ke karo da sassan da ke riƙe da ginin kafin a je fili.

Mataki na 10: Kowane canji ya dawo teburin

Zane ba ya zama yadda aka fara shi. Mai gini zai ce a ƙara bene, ɗan kwangila zai ce wannan mahaɗin ba ya ƙeruwa, mai sayar da kaya zai kawo wani iri. Duk canji sai ya sake bi ta tambayoyin mataki na 4, kuma wanda ya yi lissafin farko ya sa hannu.

Gadar Kebek a Kanada ta rushe ana cikin gininta a Agustan 1907, ma'aikata 75 suka mutu. An ƙara tsawon tsakiyarta daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, ba a sake lissafin nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba. A otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City kuma, zanen farko ya rataye gadojin tafiya biyu, ɗaya a saman ɗaya, a kan dogayen sandunan ƙarfe da ke ratsa su duka. Wannan yana da wuyar ƙerawa, sai aka mayar da kowace sanda biyu, gadar ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama. Nauyin da ke kan mahaɗin sama ya ninka. Ranar 17 ga Yulin 1981 gadojin suka rufto, mutum 114 suka rasu. Abin lura a nan shi ne zanen da ba ya ginuwa cikin sauƙi za a canza shi, ko da saninka ko babu. Gara ka tambayi maƙerin tun kafin ka fitar da shi.

Lokacin da ake neman rage kuɗin aiki, katangar rufi da matakalar hawa da maɗauran igiya su ake fara yankewa, domin mai gini ba ya ganin amfaninsu a ranar. Ka rubuta dalilin kowannensu a gefensa tun farko, da abin da zai maye gurbinsa in an cire: dandamalin haya duk lokacin da za a wanke magudanar rufi, har ƙarshen rayuwar ginin.

Mataki na 11: Fayil ɗin da za a miƙa da makulli

Ka buɗe shi tun ranar farko, kada ka bari sai an gama. A ciki a sa zanen ginin yadda aka gina shi a zahiri, da hanyar wayoyi da bututun da aka binne, da iyakar nauyin kowane bene da rufi, da sassan da ke riƙe da ginin waɗanda ba a taɓawa, musamman kankaren da aka ɗaure da wayoyi masu tsauri, wanda yanka shi ba da sani ba kan jawo rushewa. A sa wurin duk wani abu mai illa da aka bari, da yadda aka tsara wanke gilashi da hawa rufi, da ranar da za a sake gwada maɗauran igiya. A yi shi gajere, a ba mai ginin kwafi na takarda da na kwamfuta, a kuma gaya masa cewa duk wanda zai yi gyara nan gaba sai ya karanta kafin ya fara, sannan ya ƙara abin da ya canza.

Bayan an miƙa aiki, ka koma wurin ɗan kwangila da mai kula da ginin ka tambaye su wane sashe ne ya ba su wahala, ina suka kafa tsani alhali ba ka zata ba, me suka yanka da bai kamata a yanka ba. Abin da suka faɗa ka shigar da shi jerin nan mai launi uku kafin a fara zane na gaba.